Ci Daban, Sha Daban

Tafinta bai taɓa yin ƙarya ba, kuma wannan ce babbar matsalar iyalinsa. Maƙaryaci ana iya kama shi wata rana. Shi kuwa ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kotu, yana tsaye tsakanin alƙali da masu ba da shaida, yana kwashe magana daga wannan harshe yana zubawa a wancan, kuma a can ya koyi ƙa'idar da ya taho da ita har gida: a amsa abin da aka tambaya, kada a ƙara ko wasali ɗaya. Idan ka tare shi a hanya ka ce, "Malam, kana da agogo?" sai ya ce maka "E," ya wuce abinsa.

Matarsa tana da shagon ɗinkin labule a ƙasan benen da suke zaune, kuma ita ce mai yanke hukunci a gidan. A gabanta "ranki ya daɗe" yake ce mata. A bayan idonta kuwa Kotun Ƙoli yake kiran ta, don daga wurinta babu inda ake ɗaukaka ƙara. Sunan ya daɗe da isa kunnenta. Ba ta taɓa cewa a daina ba.

Sauran mutanen gidan su biyu ne: mahaifiyarsa, wadda kowa yake kira Tsohuwa, har ita da kanta, sai kuma 'yarsu Auta, wadda take jami'a tana wani karatu da babu wanda ya iya faɗin sunansa daidai.

Abu ɗaya Tafinta yake tsoro a duniya, shi ne allura. Ya sha tsayawa kafaɗa da kafaɗa da 'yan fashi yana fassara musu shekarun da za su yi a gidan yari, ko gezau. Amma idan ya shiga shagon matarsa, kujerar da ta fi nesa da keken ɗinki yake zaɓa, ya ce wai ta fi samun iska.

Saboda haka ranar da Likita ta ambaci kalmar, sai da ya riƙe gefen tebur. Likitar 'yar ƙarama ce mai tabarau, da kaɗan ta girmi Auta, kuma ita take duba shi tun da aka gano yana da ciwon sukari aka ɗora shi a kan ƙwayoyi.

"Baba, sukarinka hawa yake yi," in ji ta, tana duba sakamakon gwaji. "Kana shan maganin kuwa?"

"Ina sha."

"To me kake ci?"

Ya zayyana mata komai: burodi da safe, shinkafa ko taliya da rana, nama idan an samu, ɗan kek idan wani ya kawo ofis. Bai ɓoye ko loma ɗaya ba.

"Ka rage waɗannan. Kayan zaƙi kuwa kada ka ƙara ci. Idan ka dawo bai sauka ba, ƙwayoyi sun gaza ke nan, sai mu koma allura."

"Sau ɗaya?"

"Kullum. Kai za ka riƙa yi wa kanka, a nan." Ta nuna cikinsa da bakin biro.

Tafinta ya dubi cikin. Cikin ma kamar ya dube shi.

Kotun Ƙoli ta saurari rahoton a tsaye, da tef ɗin awo a wuyanta, ta yanke hukunci nan take. Ba za a ɗora tukunya biyu a gidanta ba, kuma ba za a bar mutum ɗaya yana kallon bakin sauran ba. Abin da maigida zai ci, shi kowa zai ci. A ranar ta juye wa maƙwabta sukarin gidan, ta sauka da gwangwanin zuwa shago ta cika shi da maɓallai. Shinkafa ta koma 'yar mitsitsiya a gefen faranti kamar wadda aka yi wa horo. Kabeji ya hau mulki.

Tsohuwa ce ta fi jin jiki. Ita da aka taɓa gwada jininta aka ce ya fi na 'yan mata kyau, sai ga ta da shayi ba sukari.

"Ni me na yi?" take cewa kowace safiya, tana leƙa cikin kofin ko an yi kuskure an saka. "Shi ke da ciwo, ni ke karɓar hukunci. Wannan shayi ne ko ruwan ɗauraye tukunya?"

"Kaka, lafiya ake nema miki," in ji Auta. "So muke ki ga ranar aurena."

"Ke tafi can. Wa zai kwashi mai ƙafa kamar sandar labule? In aurenki zan jira, gara a ba ni sukarina tun yanzu."

Ba a jima ba kowa ya fara zubewa. Auta ta kai wa uwarta siket a matse mata. Kotun Ƙoli ta ga ƙashin wuyanta, wanda ta manta tana da shi. Zoben Tsohuwa ya fara juyawa a yatsa. Mutum ɗaya ne kawai bai rame ba, shi ne wanda ake yi dominsa. Yana cinye kabejinsa tas, ba ƙorafi, har da hamdala, irin haƙurin da ya kamata ya sa a zarge shi tun da wuri.

Ga abin da ba a tambaye shi ba. A tsallaken titi, daura da ƙofar kotu, akwai wani shagon kofi mai bangon gilashi da dogayen kujeru waɗanda ƙafar mutum ba ta kai ƙasa a kansu. Kowace safiya, kafin a fara zama, Tafinta yakan tura ƙofar, Mai Kofi ya ɗago kai daga bayan injinsa ya ce, "Yallaɓai! Na kullum?" Shi kuma ya ɗaga gira, alamar e.

Abin yana da suna a jikin allo, dogon suna wanda ko Tafinta bai iya fassara shi ba. Akwai kofi a ciki, wannan gaskiya ne, kamar yadda akwai direba a cikin bas: yana nan, amma ba shi ya cika motar ba. Sauran wurin na madara mai kauri ne, da wani ruwan zaƙi mai danƙo da ake tatsowa daga kwalba mai famfo, da cakulan, da niƙaƙƙiyar ƙanƙara. A sama a tula farar kumfa, a barbaɗa garin biskit, a soka dogon cokali. Kofin kuwa, idan ya ajiye shi a tebur, ba ya ganin wanda yake zaune a gabansa sai ya leƙa ta gefe.

Ya fara ne wata rana da ruwan sama ya tsare shi a ƙofar shagon. Ruwan ya ɗauke tuntuni. Shi bai ɗauke ba.

Da ya shanye sai duniya ta yi masa haske. Yakan shiga kotu da sauri, yana fassara tun shaida bai rufe baki ba, zuciyarsa tana bugawa kamar ana ƙwanƙwasa ƙofa. Wajen hantsi kuma sai abin ya sake shi gaba ɗaya. Bakinsa ya bushe, idanunsa su yi nauyi, rubutun jikin bango ya fara dishi-dishi, mara ta cika. Babu ma'aikacin da ya kai shi neman izinin fita. Har Alƙali ya daina jiran ya nema. Da ya ga ya fara sauya ƙafa, sai ya nuna masa ƙofa da biro ba tare da ya ɗago kai ba.

Akwai ranar da wani shaida ya yi dogon bayani, Tafinta yana tsaye ido a buɗe amma ya yi nisa. Shirun da ya biyo baya ne ya tashe shi. Ya gyara murya ya ce, "Ya ce bai sani ba, ya mai shari'a." Da aka bi maganar, ashe abin da mutumin ya faɗa ke nan a taƙaice. Alƙali har ya yaba masa.

Duk wannan Tafinta ya ɗora wa shekaru. Haƙorin da ya fara yi masa tsami idan ruwan sanyi ya taɓa shi, shi ma shekaru. Bel ɗin da ya kai ramin ƙarshe kuwa, wannan laifin masu yin bel ne na zamani, ba sa tsoron Allah wajen awo. Can cikin ransa akwai wata 'yar murya da take ɗaga hannu tana son magana, amma ba a ba ta izini ba. Likita cewa ta yi kada ya ci. Shi kuwa bai ci ba.

Ranar komawa asibiti Kotun Ƙoli ta rufe shago ta bi shi, don ta karɓi yabon da ta san ta cancanta. Aka ɗebi jininsa yana kallon silin yana karanta duk addu'ar da ya sani. Da sakamako ya fito, Likita ta cire tabarau, ta goge, ta mayar.

"Ya ƙaru."

"Me ya ƙaru?" in ji Kotun Ƙoli.

"Sukarin."

"Likita, sake dubawa. Ko na wani aka ba ki? Gidana fa ko tururuwa ta yi ƙaura. Uwar mijina ta daina amsa gaisuwata. Dube ni, dubi wuyana!"

Likita ta juya wajen mai ciwon. "Baba, tsakaninka da Allah, ba ka cin wani abu mai zaƙi a waje?"

"Ban ci ba."

Likita ta yi ajiyar zuciya, ta jawo aljihun tebur, ta fito da wani abu mai kama da biro mai ƙiba. "To bari in nuna maka yadda ake yi. Allurar tana nan a bakinsa, 'yar siririya ce."

Amma Kotun Ƙoli ba biron take kallo ba, mijinta take kallo. Ta ji yadda ya taka kalmar "ci" a hankali, kamar mai tsallake kwata a kan dutse. Ta san wannan takun. Ta taɓa yini tana neman almakashinta, ta tambaye shi ko ya gani, ya ce bai gani ba. Ashe a kansa yake zaune. Ya ji shi sarai, ganinsa ne bai yi ba.

"Likita, dakata. Ba ni aron mutumin nan."

Ta juya kujerarta ta fuskance shi.

"Malam."

"Ranki ya daɗe."

"Ba ka ci ba."

"Ban ci ba."

"Me kake sha?"

Tafinta ya dubi Likita, ya dubi ƙofa, ya dubi biron nan mai ƙiba.

"Ruwa," ya ce. "Magani. Shayinki, Allah ya saka da alheri."

"Sai me?"

"Kofi."

"Nawa?"

"Ɗaya."

"Ai kofi ɗaya ba matsala ba ne," in ji Likita, "in dai ba..."

"Likita, ba ki san shi ba. Malam, wane kofin ne ɗaya? Wanda ake sha, ko wanda ake sha a ciki?"

"Duka biyun. Kofi ne a cikin kofi."

"Nuna mini tsawonsa."

Ya ɗora tafin hannu ɗaya a tebur, ya ɗaga ɗayan sama. Ya ɗan tsaya a inda mutunci zai so a tsaya. Sannan gaskiya ta ja hannun ya ƙara sama.

Likita ta mayar da biron cikin aljihun tebur, amma ba ta rufe ba. "Baba, me ya hana ka gaya mini?"

"Ba ki tambaya ba, 'yata. Cewa kika yi me nake ci."

"Ai jini bai san nahawu ba, Baba. Wanda aka sha ma ya fi saurin shiga, don ba ya tsayawa a narkar da shi, wucewa yake kai tsaye. Ya ɗaga ka sama, ya sako ka ƙasa, ga shi bai ƙosar da kai ba, ka zo ka ci abinci a kansa. Kana yawan jin ƙishi? Barci da hantsi? Yawan fitsari?"

"E. E. E."

"Zan ba ka dama ɗaya. In kana son kofinka, ka sha shi baƙi, ba sukari, ba wannan tarkacen. In ka dawo bai sauka ba..." Ta dubi aljihun tebur. Shi ma ya duba.

Washegari Kotun Ƙoli ta ce sai an kai ta wurin da aka aikata laifin. Tsohuwa ta ɗauko takalminta ta ce ita ma sai ta ga abin da aka hana ta shayi saboda shi. Auta ba ta ba da dalili ba, ta dai cika wayarta da caji.

Mai Kofi ya ɗago kai da murna. "Yallaɓai! Na kul..." Sai ya ga mata uku a bayan Yallaɓai, ya haɗiye sauran.

"Na kullum," in ji Kotun Ƙoli. "Amma kofi biyu za ka jera. Duk abin zaƙin da ka zuba a nasa, ka zuba irinsa a ɗayan, shi kaɗai, in gani da idona."

Mai Kofi mutum ne mai son sana'arsa, ya ɗauka yabo ne ya biyo shi har shago. Ya naɗe hannun riga, ya danna famfon, ya danna, ya sake dannawa, ya ci gaba. Ya tsaya kamar ya gama, sannan ya ƙara biyu.

"Waɗannan na Yallaɓai ne na musamman," ya ce da alfahari.

"Ban ce a ƙara ba," in ji Tafinta. "Cewa na yi kada ya yi rowa."

Sai madara mai kauri, sai cakulan. Da aka gama, kofi na biyu yana ɗauke da wani abu mai duhu da danƙo wanda ya haura faɗin tafin hannu. Idan an karkata kofin, sai abin ya biyo a hankali kamar an tashe shi daga barci.

Auta ta ɗauki hoto. "Baba, wannan ai da shi ake liƙe takalmi."

Tsohuwa ta jawo na kullum ɗin gabanta, ta ɗebo cokali guda, ta kai baki, ta rufe ido. Kowa ya zuba mata ido. Ta daɗe rabonta da sukari, ana tsammanin za a ga hawaye. Sai ta ture kofin.

"Ruwa! Ku ba ni ruwa! Wannan ko ƙudan zuma ya lasa sai an kai shi asibiti." Ta juya kan ɗanta. "Kai, ɗan nan. Ashe ni ina can ina shan ruwan zafi tsura, kai kana nan kana iyo a cikin zuma? Da cokali ɗaya ka riƙa ƙunso mini a aljihu ai da na sa maka albarka."

Kotun Ƙoli ta zare dogon cokalin, ta ɗaga shi sama yadda kowa zai gani.

"Malam, wannan mene ne?"

"Cokali."

"Da cokali ake sha?"

"Ana shan miya da cokali, ranki ya daɗe. Ana shan magani da cokali."

"Garin biskit ɗin nan fa? Ba tauna shi kake yi ba?"

"Rake ma tauna shi ake yi, har muƙamuƙi ya gaji. Kin taɓa jin an ce wane yana cin rake? Shan sa ake. Kankana da wuƙa ake yanka ta, amma shan ta ake. Mangwaro fa?"

Ya gyara zama. Nan fagensa ne. Ya kawo lemo, ya kawo alewa, ya bayyana cewa harshe ya riga ya raba abin da ake ci da abin da ake sha tun kafin a haifi Likita, kuma ba shi ya yi rabon ba. Mutanen teburin kusa suka juyo. Wani mai jakar kwamfuta har yana gyaɗa kai.

Kotun Ƙoli ta bar shi sai da ya kai aya.

"Ka yi gaskiya," ta ce. "Wannan shari'ar ka ci. Ka ga yau dai ka ci wani abu. Kofin nan shan sa kake, ba ci ba. Kuma tunda a wurinka abin da aka sha ba ya shiga lissafi, ai shi ke nan, hankalina ya kwanta. Allura ma ba cin ta ake ba."

Tafinta ya buɗe baki zai yi musu, Auta ta riga shi.

"Shan ta ake," in ji Auta, tana sauke wayar. "Wane ya sha allura. Ko ba haka ake cewa ba, Baba?"

"Haka ake cewa," ya amsa da ƙaramar murya, don ba ya ƙarya.

"To ka gani," in ji matarsa. "Kofi ɗaya da safe, allura ɗaya da safe, duk sha ne. Sai ka haɗa da wahala, ita ma shan ta ake."

Tsohuwa ta yi dariya har ɗankwalinta ya zame. Mai Kofi ya juya baya yana goge injin da ba shi da datti, kafaɗunsa suna rawa.

Tafinta ya dubi na kullum. Kumfar ta fara karkacewa tana gangarowa ta gefe. Ya nemi mafita a duk harsunan da ya sani, bai samu ba. Ya tura kofin tsakiyar tebur da yatsa ɗaya.

"A ba ni baƙi," ya ce. "Ƙarami."

Aka kawo masa a wani ɗan kofi kamar na wasan yara. Ya kurɓa. Fuskarsa ta tattare wuri ɗaya kamar labulen da aka ja zarensa.

"Yaya?" in ji Kotun Ƙoli.

"A matsayin miji ake tambaya ta, ko a matsayin shaida?"

"Shaida."

"Kamar an dafa taya."

Kwanakin farko ba su yi kyau ba, kuma babu amfanin a ce sun yi. Kansa ya yi ta sara. Ya yi faɗa da maɓallin rigarsa, ya yi faɗa da lif ɗin hawa bene, ya gaya wa wani lauya cewa tambayarsa ba ta da ma'ana a kowane harshe. Da hantsi jikinsa yakan nemi abin da ya saba, sai ya tsaya a tagar kotu yana kallon tsallaken titi kamar wanda aka raba da masoyiya. Mai Kofi kuma, duk safiya idan ya miƙa masa ɗan baƙin, sai ya yi ƙasa da murya ya ce, "Yallaɓai, ko rabin dannawa?" Tafinta ya tuna biron nan mai ƙiba, ya ce a'a. Sau ɗaya ya ce "to", amma kafin hannu ya kai ga famfo ya janye maganarsa.

Kotun Ƙoli ta ƙara da nata hukuncin: da yamma, idan ta rufe shago, su zaga unguwa da ƙafa. Da farko yana biye da ita yana huci. Sun daɗe a gida ɗaya har sun manta yadda ake tafiya tare ba tare da an nufi wani wuri ba. Ita tana nuna masa tagogin mutane tana yanke wa labulensu hukunci, shi yana gyara rubutun allunan shaguna da baki. Tsakaninsu babu abin da ya tsira a titin, kuma sukan dawo gida suna dariya, har Tsohuwa ta fara zargin wani shagon suke zuwa a ɓoye.

Ta kuma sauya salon tambaya. Idan ya dawo daga aiki ba ta cewa me ka ci. Cewa take, "Me ya wuce ta maƙogwaronka yau?"

Sannu a hankali abubuwa suka fara komawa wurinsu. Ƙishin ya ragu. Rubutun bangon kotu ya tsaya cak. Wata rana Alƙali ya ɗaga biro zai nuna masa ƙofa, ya ga mutum tsaye ƙyam a kan ƙafa biyu, ya sauke biron yana jin kamar an yaudare shi. Barcin hantsi ya tafi, kuma a nan ne aka gano illar samun lafiya: yanzu Tafinta yana jin duk abin da shaidu suke faɗa, yana kuma fassara shi kaf. Zaman da a da ake tashi kafin azahar ya koma kaiwa la'asar. Magatakardan kotun ya ja shi gefe ya tambaye shi ko ba zai koma wa abin nan nasa ba, don Allah.

Abin da ya fi ba shi haushi shi ne baƙin ya fara yi masa daɗi. Wata safiya ya ji wani ɗanɗano a ƙarƙashin ɗacin, kamar ƙamshin soyayyiyar gyaɗa. Bai gaya wa kowa ba, ba a tambaye shi ba. Ranar da bel ɗinsa ya koma baya da rami ɗaya, ya yarda cewa masu yin bel sun gyara halinsu.

Ranar gwaji gidan gaba ɗaya ya tafi, har Tsohuwa, wadda ta ce tana da haƙƙi a cikin wannan jinin. Wajen ɗibar jini ya kama hannun matarsa ya matse har yatsunta suka yi fari, ya ce wai don kada ta tsorata.

Likita ta shigo da sakamako, ta zauna, ta kife takardar a tebur, ta haɗa yatsu.

"Baba, kafin in faɗa. Tun zuwanka na baya, me ka ci, me ka sha, me ka tsotsa, me ka lasa, me ka kurɓa, me ka tauna, me ka haɗiya, da saninka ko ba da saninka ba, a tsaye ko a zaune?"

Tafinta ya dube ta irin duban da malami yake yi wa ɗalibar da ta fi shi.

"'Yata, kin ɓata kanki a likitanci. Da lauya kika zama, da babu mai laifin da zai kwana a gida."

Sannan ya amsa ɗaya bayan ɗaya, har da yankan kek ɗin da ya karɓa ranar da aka yi wa Magatakarda ƙarin girma. "Wannan ci ne," ya ce. "Na amsa laifinsa."

"Ya sauka," in ji Likita. "Bai kai inda nake so ba tukuna, amma ya sauka sosai. Za ka ci gaba da ƙwayoyinka, da tafiyarka, da baƙin kofinka. Ciwon yana nan, ba warkewa ka yi ba, kada ka je gida ka fassara mini magana."

"Allurar fa?"

Ta sa gwiwa ta tura aljihun tebur, ya rufe ruf.

Auta ta yi tafi. Tafinta ya saki gefen teburin da bai san ya riƙe ba. Tsohuwa ta ɗaga hannu kamar 'yar makaranta.

"Likita, ni fa? Shayina."

"Kaka, ke cokali ɗaya ba zai yi miki komai ba."

"Wane irin cokali?" in ji Tsohuwa, tana auna wani abu mai girman ludayi da hannuwanta biyu.

Likita ta dubi uwar, ta dubi ɗan.

"Yanzu na gane inda aka gado. Ƙarami, Kaka, na shayi. Kuma a shafe, ba a tula ba."

A hanyar gida Auta da kakarta suna gaba suna musu a kan inda za a juye maɓallan da ke cikin gwangwanin sukari. Tafinta da matarsa suna baya.

"To, Malam," ta ce. "Hankali ya kwanta?"

"E."

Ta gyaɗa kai, don ba ta yi tsammanin fiye da haka ba. Suka ɗan ƙara gaba. Sai ya gyara murya, irin gyaran da yake yi idan zai fassara hukunci mai nauyi.

"Kuma kabejin nan da kika yi ta ci saboda ni, na gani. Na gode. Wuyan ma ya yi miki kyau."

Kotun Ƙoli ta tsaya cak a tsakiyar hanya, ta dube shi sama da ƙasa.

"Wa ya tambaye ka?"

"Babu."

"To kotu ta karɓa," ta ce, tana gyara mayafinta don kada ya ga bakinta. "Amma gobe ma kabeji ne."